In ajiye Python in koma Assembly? Muhawarar da ta kwana a zauren masu kodin

Sabon Shiga: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a yi haƙuri in an taɓa yin wannan tambaya a nan. Wata huɗu ke nan da na fara koyon yaren kodin na Python, har na kai ina iya rubuta 'yar manhajar da ke tara makin ɗalibai ta fitar da na ɗaya da na ƙarshe. Jiya wani yayanmu da ya gama digiri ya leƙa kwamfutata, ya yi dariya, ya ce wasan yara nake yi. Wai duk wanda bai san Assembly ba, wato yaren da ake ba firosesa umarni da shi kai tsaye, bai san kwamfuta ba, in ajiye wannan in koma tushe. Tun jiya jikina ya yi sanyi. In ajiye ɗin ne, ko in ci gaba?

Mai Shafuka: Wa alaikumus salam. Kafin ka ajiye komai, koma ka tambayi yayan naka manhaja nawa ya taɓa rubutawa da Assembly, kuma wa ya biya shi. Shekarata bakwai ina cin abinci da sana'ar nan, shafukan intanet nake ginawa da manhajojin lissafin shaguna, ko sau ɗaya ba a taɓa cewa in rubuta layi guda na Assembly ba. Ci gaba da abinka, ƙanena.

Baba Injiniya: Yaro dai yaro ne. Don ba a taɓa tambayarka ba, ba shi ke nuna ba ka bukata ba. Mu da muka fara, wani allo aka ajiye mana mai ɗauke da firosesar Intel 8085, da 'yan maɓallai daga 0 zuwa F, da ɗan gilashi mai nuna jajayen lambobi. Za ka rubuta umarninka a takarda, sannan ka ɗauko jadawali ka mayar da kowane umarni lamba da hannunka. Har gobe ban manta ba: MVI A shi ne 3E, JMP shi ne C3, HLT kuma 76. Ka bi su kana dannawa ɗaya bayan ɗaya. In ka tuna ka manta umarni guda a tsakiya, duk adireshin da ke ƙasansa ya goce, sai ka sake lissafi. In aka ɗauke wuta kuwa, sai ka yi salati ka koma farko.

Wahala ce, ban musa ba. Amma tun daga lokacin babu yaren kwamfutar da ya taɓa ba ni tsoro, don na san duk kwalliyar da aka yi masa, ƙarshenta dai a ɗauko lamba daga memori, a zuba a rajista, a tara ko a ɗebe, a mayar, a tsallaka zuwa wani adireshi. Ko a makarantar allo da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru, kafin a kai ga zube.

Malama: Baba, Allah ya ƙara girma, amma misalin nan naka ni zai taimaka. Yaron da aka kai makarantar allo ai ba da babbaƙu yake farawa ba. Biya masa Fatiha da ƙananan surori ake yi da ka, yana maimaitawa, har ya iya salla da su tun bai gane ko harafi ɗaya ba. Sai kunnensa ya saba, sannan a rubuta masa a allo ya ga yadda abin da yake faɗa yake a rubuce. Python ɗin yaron nan ita ce biyawar. A bar shi ya iya salla tukuna.

Kuma ba da ka nake magana ba. Na koyar da darasin nan shekara biyar a wata makaranta da ba sai na ambata ba. Assembly na 8086 muke yi, firosesar da ta fito a 1978, ɗalibai cike da aji, kwamfutocin da ke aiki ba su kai goma ba, don haka a kan allo ake rubutawa su kwafa. Kowane shiri yana ƙarewa da layi biyu: MOV AH, 4CH sai INT 21H. Wata rana na tsayar da wanda ya fi kowa maki na ce masa, layin nan biyu me suke yi? Ya ce, "Malama, ai da su ake rufewa." Kamar dai amin a ƙarshen addu'a. Bai san roƙon MS-DOS, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ake yi ta karɓi ragama ba, bai ma taɓa ganin MS-DOS da idonsa ba. Abin da ya fi ci mini rai, da yawansu daga wannan zangon suka yanke cewa kodin ba nasu ba ne.

Baba Injiniya: Wannan ai laifin koyarwa ne, Malama, ba laifin Assembly ba. Ko Python aka koyar a kan allo babu na'ura, hadda za a yi.

Malama: Na yarda da rabi, Baba. Amma wanda ya haddace layin Python guda ya samu wayar wani ya gwada, nan take zai ga sunansa ya fito a gilashi. Na Assembly sai ya rubuta layi goma sha wani abu kafin ya ga kalma ɗaya. Mai koyo da ɗoki yake tafiya, in ɗokin ya mutu shi ke nan.

Ɗan Inbata: Ku ba ni wuri in ba ku labarin ƙwai. Ni inbata nake haɗawa da injin ƙyanƙyasa. Bara wani yaron shagona, mai ƙwazo ne ƙwarai, ya ce in bar masa kodin injin wata hajiya, mai cin ƙwai 120. Arduino Uno muka sa. Aikin ba wuya: a duba zafi, sannan duk bayan awa ɗaya ɗan moto ya karkata tiren ƙwan don kada kwanduwa ta manne a gefe guda. Da yake gwaji ya sa tazarar daƙiƙa goma, tire yana juyawa lafiya lau. Da zai miƙa aiki sai ya mayar da ita awa ɗaya, ya rubuta 60 * 60 * 1000, tunda da kashi dubu na daƙiƙa ake ƙirga. A lissafin makaranta daidai ne, 3,600,000.

Kwana uku hajiya ta bugo waya, tire ko motsi bai yi ba. Yaro ya canza moto, ya canza rile, ya zargi waya, ya zargi batir. Ni ina duba layin na san inda gizo ke saƙa. Cif ɗin da ke kan Uno, ATmega328P, in ka rubuta lamba haka tsirara, a gurbin bit 16 ake yin lissafinta (bit shi ne ɗan gurbi mai ɗaukar 0 ko 1), wanda iyakarsa 32,767. Miliyan uku da dubu ɗari shida ba ta shiga, sai ta yi ambaliya, abin da ya rage a gurbin ya zama -4480. Da aka mayar da wannan lamba gurbin bit 32 marar alamar ɗebewa, sai ta koma 4,294,962,816. Ku raba da kanku: kwana 49 da ɗoriya. Wato injin yana nan yana jira cikin ladabi, zai juya ƙwan bayan mako bakwai, alhali kaza kwana 21 take ƙyanƙyashewa. Haruffa biyu suka gyara shi, aka rubuta 60UL a madadin 60, wato a yi lissafin a gurbin bit 32 tun farko. Allah ya taimaka hajiya tana juyawa da hannu tun da ta lura. Ɗan hakin da ka raina.

Baba Injiniya: To kun ji dai.

Mai Shafuka: A'a Baba, ba mu ji komai ba tukuna. Yallaɓai, da wane yare yaron ya rubuta? C++ na Arduino. Da wane yare ka gyara? Shi ɗin dai. Ina Assembly ya shigo? Wannan darasin girman gurbin lamba ne, yana babin farko-farko na kowane littafin C.

Ɗan Inbata: Yaron ya karanta babin, har ya ci jarrabawarsa. Bambancinmu da shi, ni na fara ne da PIC16F84A, umarni 35 kacal gare shi, memorin aikinsa bayit 68. Ba dubu 68 ba, 68. A can in za ka ƙirga abin da ya wuce 255 sai ka haɗa gurbi biyu da kanka, ka tara na ƙasa, ka duba ko ya yi ambaliya, ka kai ɗaya sama, kamar yadda ake "ajiye ɗaya" a lissafin firamare. Wanda ya yi haka da hannunsa sau ɗari, duk inda ya ga babbar lamba sai gabansa ya faɗi ya tambaya, a ina za ta zauna? Shi an gaya masa ne, ni jikina ne ya gaya mini.

Na Damagaram: Gafara dai malamai, mu na baya a ja mu. Ana ta cewa rajista, rajista. Ni rajistar da na sani ta kiran suna ce a lakwal.

Maharbi: Ka taɓa tsayawa gaban mai awo a kasuwa? Hatsinsa yana cikin buhuna a sito, amma ba a cikin buhu yake awo ba. Sai ya ɗebo a tiya, ya auna, ya juye. Sito shi ne memori: yana da faɗi, amma sai an taka an je. Rajista su ne 'yan kwanonin da ke gabansa, a cikin firosesar kanta suke, kaɗan ne amma nan take hannu ke kai musu. Firosesar laftof tana da guda 16 na aikin yau da kullum, masu sunaye irin rax, rbx, rdi, kowanne bit 64. Ta Arduino Uno tana da 32, amma kowanne bit 8 ne, daga 0 zuwa 255 yake ɗauka. Assembly ba komai ba ne illa ka riƙa ba mai awon umarni ɗaya-ɗaya: ɗebo daga buhu kaza ka zuba a kwano na uku, haɗa na uku da na huɗu, in ya cika ka koma layi kaza. A Python kuwa cewa kake "ba ni tiya biyar" ka juya baya.

Na Damagaram: Madalla, yanzu na gane. Allah ya saka.

Mai Shafuka: Kuma "ba ni tiya biyar" ɗin ita ce ci gaba. Ku duba tarihi mana. Waɗanda suka fi kowa iya Assembly su suka fara gudunsa. John Backus da mutanensa a IBM sun fitar da yaren FORTRAN a 1957 ne don mutane su huta da wannan wahala, a lokacin ana ta yi musu dariya cewa na'ura ba za ta taɓa fassara kodi ya kai na hannu kyau ba. Unix, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da Assembly aka fara rubuta shi a 1969, amma zuwa 1973 Dennis Ritchie da Ken Thompson sun sake rubuta shi da C, kuma abin da ya ba shi damar yaɗuwa zuwa wasu na'urori ke nan. Su da suka gina gidan sun bar haƙa rijiya da hannu, mu ne za mu ce wa yaro sai ya haƙa kafin ya sha ruwa?

Baba Injiniya: Tunda tarihi kake so. Kwamfutar da ta kai mutane duniyar wata a 1969, memorin aikinta bai fi kilobayit 4 ba, kuma da Assembly Margaret Hamilton da tawagarta a MIT suka rubuta manhajarta. Kodin yana nan a GitHub, kowa na iya zuwa ya karanta. Wasan RollerCoaster Tycoon da ya fito a 1999, mutum ɗaya ne, Chris Sawyer, ya rubuta kusan dukkansa da Assembly, yana tafiya sumul a kwamfutocin da yau ko hoton bikinku ba za su buɗe ba. Ku kuma fa? Shafi guda mai nuna farashin shinkafa sai ya cinye mini data ya zafafa mini waya.

Mai Shafuka: Baba, wannan jifa ce, kuma ta same ni, na karɓa. Amma nauyin shafi ba rashin Assembly ke kawo shi ba. Lalaci ne: hoton da ba a matse ba, da tarkacen kodin wasu da ake jibgawa ba a duba ba. Mutanen Apollo kuwa ba don burgewa suka yi ba, ba su da zaɓi ne.

Maharbi: Ina ganin tun ɗazu abu biyu ake cakuɗawa, rubuta Assembly da karanta shi. Rubutawa a yau aikin mutane ƙalilan ne. Akwai su, kuma kowa na cin moriyarsu: bidiyon da kuke kallo a waya, akwai yiwuwar ya bi ta manhajojin sarrafa bidiyo irin FFmpeg ko dav1d, kuma wuraren da suka fi cin lokaci a cikinsu da hannu aka rubuta su da Assembly. Haka wasu sassan OpenSSL mai ɓoye bayanai a intanet, haka 'yan layukan farko da ke tashi in an kunna na'ura. Amma ko a can ɗin, ba duka ake rubutawa ba, lungun da aka auna aka ga nan ne cunkoso kawai.

Karantawa kuwa wani abu ne daban. Ni aikina bin diddigin miyagun manhajoji ne. Wanda ya rubuta bairos ba zai aiko maka da kodinsa ba, dunƙulallen fayil kawai za ka samu. Sai ka zuba shi a Ghidra, wadda hukumar NSA ta Amurka ta saki kyauta a 2019, ta warware maka shi, ka zauna kana bin mov da call da jmp har ka gano inda yake aika bayanan mutane. Kuma ba za ka taɓa gane yadda ake fasa manhaja ba sai ka ga yadda abubuwa ke jere a memori. Misali: an ware gurbin harafi 16 don suna, wani ya turo 200, manhajar ba ta duba tsawo ba. Rarar sai ta malala ta hau kan adireshin da firosesa ta ajiye don ta san inda za ta koma bayan ta gama wannan aikin. Wanda ya iya tsara rarar nan, shi zai zaɓa mata inda za ta koma. Da irin wannan ɓaraka muguwar manhajar nan da ake kira tsutsar Morris ta yaɗu a 1988, kuma har yau ba a rabu da ita ba. A Python ba za ka ga wannan ba, an rufe maka shi ruf.

Mai Shafuka: An rufe masa don kada ya faɗa ciki. Ai alheri ne.

Maharbi: Alheri ne ga wanda zai tsaya a inda kake. Yaron bai ce mana shafuka zai yi har ya tsufa ba.

Mai Shafuka: "Inda nake" ɗin ne ke biyan kuɗin haya, malam. Ku masu son a ce kun iya abu mai wuya ku ke korar yara daga harkar nan. Kowa ya zo sai kun ɗora masa dutse a ka don ku ma an ɗora muku.

Maharbi: Wa ya ɗora wa wani dutse? Karanta abin da na rubuta kafin ka yi tsalle.

Mai Unguwa: Jama'a a sassauta. Yaro ya yi tambaya, kada a mayar da ita dambe. Duk wanda zai ƙara magana ya fuskanci mai tambayar.

Malama: To bari in fuskance shi. Ƙanena, akwai abin da yayanka bai gaya maka ba: Assembly ba yare ɗaya ba ne. Kowace zuriyar firosesa da nata. Na laftof ɗinka x86 ne, na wayarka ARM, na Arduino AVR, ga kuma RISC-V da aka faro a jami'ar Berkeley a 2010, wanda kowa ke da izinin ƙera cif a kansa ba tare da biyan lasisi ba. Abin da ka rubuta wa ɗaya ba zai tashi a ɗayan ba. Ko Apple da ta koma ARM a kwamfutocinta a 2020 sai da ta yi wa tsofaffin manhajoji tafinta. Python ɗinka kuwa ko a x86 ko a ARM ka kai ta za ta yi aiki. Don haka in ya ce ka koma tushe, ka tambaye shi wanne daga ciki.

Shawarata: taura biyu ba ta taunuwa. Ka ƙarasa manhajar makin nan, ka sa ta karanta fayil, ta fitar da sakamako da za a iya bugawa, ka kai wa wata makarantar unguwarku su gwada, su dawo maka da ƙorafi. Bayan nan ka shiga C. A C ne za ka haɗu da adireshi da girman gurbi da duk abin da ya kusa cin ƙwan hajiya. Ko darasin CS50 na Harvard, wanda ake bi kyauta a intanet, da Scratch yake buɗewa, sannan C, sannan Python, ba ya zaunar da mai koyo ya rubuta Assembly. In C ta zauna, sai ka ware mako biyu ko uku ka leƙa ƙasa.

Baba Injiniya: Mako biyu! Mu da muka shekara.

Malama: Kun shekara ne kuna aikin da na'ura ke yi yanzu cikin ƙiftawar ido, Baba, wato mayar da MVI zuwa 3E. Fahimtar da ke ciki ba ta kai shekara ba.

Ɗan Inbata: Ni dai ƙarin da zan yi, in lokacin ya zo kada ya fara da x86. Umarninta sun yi yawa, tarkacen shekara arba'in da wani abu ne aka yi ta ɗorawa. Ya samu Arduino ko da aro ne, ya kunna ƙwan fitila guda da Assembly na AVR, ya kashe, ya sa shi ƙiftawa. A can memorin aiki kilobayit 2 ne, ana iya zagaye shi da ido. Ranar da ya ga fitila ta kama don ya sa 1 a wani gurbi, ya gama gane abin da Baba yake ta faɗa.

Na Damagaram: Mu da ba mu da laftof balle Arduino fa? Da waya nake koyo.

Maharbi: Wayar ta isa. Buɗe godbolt.org, sunansa Compiler Explorer, wani Matt Godbolt ne ya gina shi. Gefe ɗaya ka rubuta C, ɗaya gefen ya nuna maka Assembly ɗin da kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kodi zuwa yaren na'ura, ta fitar, an shafa wa layukan launi don ka ga wanne ya haifi wanne. Kana iya canza firosesa daga x86 zuwa ARM ko RISC-V ka ga yadda kodi ɗaya ke sauya kama. Ba ka girka komai. In kana son na hannu, Termux a Android tana ba ka clang da Python duka. Kai ma mai tambaya, ba sai ka ajiye komai ba, yau da dare ka ba shi rabin awa. A akwatin zaɓi ka rubuta -O2, wato ka ce wa kwamfaila ta yi iya dabararta.

Mai Shafuka: Rabin awa ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne "ajiye Python".

Baba Injiniya: Ni ma ban ce ya ajiye ba. Yayansa ne ya ce.

Mai Shafuka: Baba, da babbaƙu fa ka ce a fara.

Baba Injiniya: Malama ta riga ta karɓe wannan, kada ka tayar da shi.

Sabon Shiga: Barkanmu da safiya. Na gwada jiya, har ƙarfe ɗaya ban kwanta ba. Ban iya C ba, amma na kwaikwayi misalin da ke shafin na rubuta ɗan kodi mai tara lambobi daga 1 zuwa 100, yana zagayawa yana ƙarawa. Na sa -O2 kamar yadda aka ce. Ina jiran in ga dogon abu, sai ga layi biyu kawai: mov eax, 5050 sai ret. Na ɗauka na lalata wani abu ne. Ina zagayen ya tafi?

Maharbi: Ba ka lalata komai ba. Kwamfaila ta duba ta ga amsar ba za ta taɓa canzawa ba, sai ta yi lissafin tun a wurinta, ta ajiye 5050 a rajistar eax, inda ake ajiye amsa, ta ce a koma. Goge -O2 ka sa -O0 ka gani.

Sabon Shiga: Kai! Yanzu ya fito da tsawo. Ga add, ga cmp da 100, ga jle yana mayar da shi sama. Wato zagayen da nake rubutawa a Python, a ƙasa kwatantawa ce kawai da tsalle baya?

Baba Injiniya: Shi ke nan abin da na shekara ina dannawa, ɗana.

Mai Shafuka: Ka kuma lura da wanda ya fi wayo a labarin. Kai ka rubuta zagaye ɗari, kwamfaila ta mayar da shi layi ɗaya. Da da hannu ka rubuta Assembly ɗin, zagayen ɗari za ka yi, kana alfahari.

Ɗan Inbata: Wayon nata kuma yakan yi yawa. A ƙaramin cif, in ka rubuta zagayen banza don ɓata lokaci, sai ta ga ba ya haifar da komai ta share shi gaba ɗaya. Ko kana jiran maɓalli ya canza wata lamba, ta ɗauka babu mai canza ta, ta karanta sau ɗaya ta riƙe a rajista, kai kuma kana ta danna maɓalli kana zagin mai sayar da kaya. Sai ka sa mata kalmar volatile take komawa memori ta duba kowane zagaye. In ba ka iya leƙa abin da ta fitar ba, sai ka kwana uku a kai.

Sabon Shiga: Saura tambaya ɗaya, don Allah. Na gwada wanda ke mayar da 0 kawai. Na zata zan ga mov eax, 0, sai na ga xor eax, eax. Me ya sa?

Baba Injiniya: Wannan tawa ce, kowa ya yi shiru. Xor tana kwatanta bit da bit, in sun yi daidai ta ba da 0, in sun saɓa ta ba da 1. To in ka kwatanta abu da kansa, ina za a samu saɓani? Komai sai ya koma sifili. Dalilin zaɓenta kuwa, mov eax, 0 bayit biyar take ci, don sai an rubuta sifilin nan har bayit huɗu a bayan umarnin. Xor eax, eax bayit biyu ce. Dabarar ta girme ka nesa ba kusa ba, a 8085 XRA A muke ce mata, lambarta AF.

Malama: Baba, har yanzu jadawalin nan yana kanka?

Baba Injiniya: Rabi yana kaina. Sauran yana cikin akwati, ƙarƙashin takardun fansho.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bari in koma kan manhajar makin, ɗalibai biyu sun yi kunnen doki tana ba ɗaya na uku ɗaya na huɗu, tun shekaranjiya na kasa gano dalili.

Mai Shafuka: Turo kodin nan mu gani.